Ƙidayar Jifa da Cancantar Majefi a Wasan Besbol na Yara

Gabatarwa

Besbol wasa ne da ya yi kaka-gida a Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan, da wasu ƙasashen yankin Karibiyan irin su Kyuba da Jamhuriyar Dominikan. A waɗannan ƙasashe yara sukan fara buga shi tun ba su kai shekara bakwai ba, a ƙarƙashin ƙungiyoyi masu rajista da dokoki da gasa, tamkar dai na manya. Daga cikin dokokin da aka tanadar wa yara akwai wata wadda ba kasafai ake samun irinta a wasan manya ba, watau dokar ƙidayar jifa, wadda ta ƙayyade yawan jifan da yaro zai yi a yini guda da yawan kwanakin da zai huta kafin ya sake yin wani. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin kafa wannan doka, da yadda ake aiwatar da ita, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya. Za a ɗauki ƙungiyar Little League ta Amurka a matsayin babban misali, sa'an nan a leƙa Japan don kwatantawa.

Yadda Wasan Yake

Ɓangare biyu ne ke karawa a besbol, kowanne da 'yan wasa tara. Ɓangare ɗaya yana bugu, ɗaya yana tsaron fili, sa'an nan su yi musanye. Da yake wasan baƙo ne ga harshen Hausa, za a yi amfani da wasu kalmomi da aka gina bisa tsarin sunan mai aikatawa. Majefi shi ne wanda ke tsayawa kan ɗan tudu a tsakiyar fili yana wurga ƙwallo. Mabugi shi ne abokin hamayyarsa, mai riƙe da kulki yana neman ya doki ƙwallon. Macafi kuwa ɗan ɓangaren majefi ne, yana tsugune bayan mabugi, yana cafe duk ƙwallon da ta wuce, ya mayar wa majefi.

Idan mabugi ya doki ƙwallo, sai ya ruga yana bin tashoshi huɗu da aka jera a kusurwoyin fili, in ya kewayo inda ya tashi ɓangarensu ya sami maki ɗaya. Idan ya kuskure jifa mai kyau sau uku an fitar da shi, idan kuma majefi ya yi jifa huɗu da suka kauce wa gurbin da aka yarda, mabugi ya tafi tasha ta farko kyauta. Da zarar an fitar da mabuga uku sai a yi musanye. In kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya, an yi turmi ɗaya ke nan. Manya sukan yi turmi tara, yara 'yan ƙasa da shekara 13 kuwa turmi shida. Tazarar da ke tsakanin majefi da mabugi ƙafa 60 da inci 6 ce ga manya, ƙafa 46 ga yara, nauyin ƙwallon kuma kimanin giram 145.

Daga wannan bayani za a gane cewa nauyin wasan a wuyan majefi yake. Mai tsaron gefen fili yana iya yin turmi biyu ko uku ƙwallo ba ta zo inda yake ba, amma majefi da hannunsa ake fara kowane motsi. Daɗin daɗawa, ɓangaren da ke da gwanin majefi shi ya fi kusa da nasara, saboda haka koci kullum yana cikin kwaɗayin ya yi ta sa gwanin nan nasa.

Abin da Jifa ke yi wa Hannun Yaro

Jifan besbol ta saman kafaɗa ake yin sa, da iyakar ƙarfi. A lokacin da majefi ya ja hannunsa baya zai saki ƙwallo, ɓangaren gwiwar hannu na ciki, watau wanda ke kallon haƙarƙari, yakan buɗe da ƙarfi kamar za a ɓalle shi. Abin da ke riƙe wurin wata 'yar jijiya ce mai ɗaure ƙashin damtse da ƙashin sangalin hannu. A jikin babban mutum wannan jijiya ita ce takan saɓule ko ta tsinke. A jikin yaro kuwa akwai wurin da ya fi jijiyar rauni. Ƙasusuwan yaro ba su gama ƙosawa ba, a kusa da bakin kowane dogon ƙashi akwai faifan guringuntsi wanda daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Idan jifa ya yi yawa, wannan matsirar ƙashi takan kumbura, ko ta tsage, wani lokaci ma ɗan guntun ƙashi ya ɓalle. Haka nan yakan faru a saman ƙashin damtse, kusa da kafaɗa. Tun a 1960 wasu likitoci biyu na Amurka, Brogdon da Crow, suka bayyana wannan ciwo na gwiwar hannu, suka laƙaba masa sunan ƙungiyar Little League, sunan da ya bi shi har yau.

Abin lura shi ne, ba kasafai jifa ɗaya ke jawo wannan ɓarna ba. Taruwa take yi kaɗan-kaɗan, kamar yadda Hausawa ke cewa yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. Kowane jifa yakan bar ɗan lahani wanda jiki ke gyarawa idan ya sami hutu, in kuwa bai samu ba, lahanin yau ya hau kan na jiya.

A 1974 Dokta Frank Jobe ya yi wa Tommy John, majefin ƙungiyar Los Angeles Dodgers, wata tiyata wadda ba a taɓa yin irinta ba. Ya ciro jijiya daga ɗaya hannun nasa ya dasa a madadin wadda ta tsinke. John ya koma wasa a 1976, bai yi ritaya ba sai 1989, tiyatar kuma ta ci sunansa. Don manyan 'yan wasa aka ƙirƙiro ta, jinyarta kuma takan ci shekara guda ko fiye. Amma da tafiya ta yi tafiya sai likitoci, musamman Dokta James Andrews na birnin Birmingham a jihar Alabama, suka ga ana ta kawo musu 'yan makarantar sakandare masu bukatar wannan tiyata. Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa da Andrews ya kafa a 1987 ta duƙufa kan gano dalili. A wani bincike da ta fitar a 2006 ta gano cewa matasan da suka saba yin jifa alhali hannunsu ya gaji sun ninka sauran har sau 36 wajen haɗarin kaiwa ga tiyata, masu yin jifan gasa fiye da wata takwas a shekara kuma sun ninka sau biyar. A wani binciken na 2011, wanda Glenn Fleisig ya jagoranta, an bi yara majefa 481 'yan shekara 9 zuwa 14 har tsawon shekara goma. Kashi 5 cikin 100 sun ji mummunan rauni, waɗanda kuma suka yi jifa a fiye da turmi 100 cikin shekara guda haɗarinsu ya ninka sau uku da rabi.

Daga Lissafin Turmi zuwa Ƙidayar Jifa

Carl Stotz ne ya kafa Little League a 1939 a garin Williamsport na jihar Pennsylvania, tun 1947 kuma ake yin gasarta ta shekara-shekara a can, wadda daga baya ta zama ta duniya. Shekaru da dama ƙungiyar tana kare majefa da lissafin turmi: ɗan shekara 12 ba zai yi jifa a fiye da turmi shida cikin mako ba. Matsalar wannan ma'auni ita ce, turmi ba shi da tsayayyen tsawo. Majefi yana iya fitar da mabuga uku da jifa uku kacal idan kowannensu ya doki ƙwallon farko aka cafe. Yana kuma iya yin jifa 40 bai fita daga turmin ba, idan saitinsa ya ɓace ko abokansa suna ta zubar da ƙwallo. Ke nan yara biyu suna iya yin turmi shida-shida, ɗaya da jifa 60, ɗaya da 130, doka kuwa ta ɗauke su daidai. Abin takaicin ma shi ne, yaron da ya fi gajiya shi ne saitinsa ya fi ɓacewa, shi ne kuma zai fi yawan jifa.

Saboda haka daga kakar wasa ta 2007 Little League ta yar da lissafin turmi ta koma ƙidayar jifa ɗaya bayan ɗaya. An yi wa dokar gyare-gyare daga baya, musamman a 2010 lokacin da aka ƙara kwanakin hutu.

Dokar Dalla-dalla

Dokar tana da sassa uku. Na farko shi ne iyakar jifa a yini. Ɗan shekara 8 zuwa ƙasa ba zai wuce jifa 50 ba. Ɗan shekara 9 ko 10 iyakarsa 75, ɗan shekara 11 ko 12 iyakarsa 85, 'yan shekara 13 zuwa 16 kuma 95. Duk jifan da aka yi wa mabugi ana ƙirga shi, ko ya doka ko bai doka ba, ko ƙwallon ta fita gefe. Jifan motsa jini da ake yi kafin fara turmi ne kaɗai ba ya shiga lissafi.

Sashe na biyu shi ne hutu. Ga 'yan shekara 14 zuwa ƙasa, wanda ya yi jifa 1 zuwa 20 ba sai ya huta ba. Daga 21 zuwa 35 hutun kwana ɗaya, daga 36 zuwa 50 kwana biyu, daga 51 zuwa 65 kwana uku, daga 66 zuwa sama kwana huɗu. 'Yan shekara 15 da 16 an ɗan sassauta musu, nasu hutun yana farawa daga jifa 31, kwana huɗu kuma sai an kai 76. Cikakkun kwanaki ake nufi, ranar wasan ba ta ciki. Alal misali, idan ɗan shekara 12 ya yi jifa 70 ran Asabar, zai huta Lahadi da Litinin da Talata da Laraba, ba zai sake hawa tudu ba sai Alhamis. Hutun nan na jifa ne kawai, yana iya yin bugu ko tsaron wani gefen fili. Bugu da ƙari, kome ƙanƙantar jifan da yaro ya yi, ba a yarda ya yi jifa kwana uku a jere ba.

Akwai rangwame guda. Idan majefi ya kai iyaka alhali yana tsakiyar karawa da wani mabugi, an yarda ya ƙarasa da shi, amma ba zai fuskanci na bayansa ba. Haka nan ga matakan hutu: yaron da ya fara karawa da mabugi yana da jifa 33, ya gama da shi yana da 38, aka kuma sauke shi nan take, hutun kwana ɗaya ne a kansa. In kuwa ya yi wa mabugi na gaba ko da jifa ɗaya ne, ya faɗa matakin kwana biyu.

Sashe na uku ya shafi macafi, domin shi ma duk ƙwallon da ya cafe sai ya mayar da ita da jifa. Yaron da ya yi jifa 41 ko fiye ba zai koma gurbin macafi ba a wannan yini, wanda kuma ya yi aikin macafi a turmi huɗu ko fiye ba zai hau tudu ba a wannan yini.

Wa ke Ƙidaya, Wa ke da Alhaki?

Kowace ƙaramar ƙungiya dole ta naɗa maƙidayi na hukuma a kowane wasa, galibi mai rubuta maki ko wani daga cikin iyaye. Wasu sukan yi aikin da takarda mai layuka suna soke lamba ɗaya bayan kowane jifa, wasu da ɗan ƙarfen ƙirge da ake matsawa da yatsa, wasu kuma da manhajar wayar hannu. Dole ya faɗi adadin duk lokacin da koci ko alƙalin wasa ya tambaya. Idan majefi ya kai iyaka, maƙidayi ya gaya wa babban alƙali, shi kuma ya gaya wa koci. Sai dai dokar ta fayyace cewa ko maƙidayi ya yi sakaci, ko alƙali ya manta, alhakin sauke yaron yana wuyan kocinsa. Idan aka sa majefin da bai cancanta ba, abokan hamayya suna iya kai ƙara, a lokacin gasa kuma abin yana iya kaiwa ga ƙwace nasara da dakatar da koci.

Da yake duk adadin nan a kan shekaru aka gina shi, tabbatar da shekarun yaro ya zama ginshiƙin cancanta. A yau Little League tana duba shekarun da yaro zai cika ya zuwa ranar 31 ga Agusta ta wannan shekara, tana kuma neman takardar haihuwa da shaidar mazauni ko ta makaranta. Abin da ya faru a 2001 ya nuna dalili. A gasar duniya ta wannan shekara wani majefi na wata ƙungiya daga unguwar Bronx ta birnin Niyok, Danny Almonte, ya yi wasan da ko mabugi ɗaya bai kai tasha ta farko ba. Bayan gasa aka gano cewa a 1987 aka haife shi a Jamhuriyar Dominikan, watau shekararsa 14, alhali iyakar gasar 12 ce. Aka soke duk nasarorin ƙungiyar. A 2011 kuma 'yan wasan Yuganda, waɗanda suka sami gurbin zuwa gasar, ba a ba su izinin shiga Amurka ba saboda saɓani a takardun haihuwarsu. Sai a 2012 wata ƙungiya daga garin Lugazi na ƙasar ta zama ta farko daga Afirka da ta buga gasar.

Misalin Japan

A Japan babu gasar matasa da ta kai ta makarantun sakandare daraja, wadda aka fara a 1915, ake kuma yin ta a filin Koshien tun 1924. Gasa ce ta wanda aka ci ya fita, a tsakiyar zafin watan Agusta, al'ada kuma ta daɗe tana girmama gwanin majefin da ya ɗauki makarantarsa shi kaɗai daga farko har ƙarshe. A 1998 Daisuke Matsuzaka na makarantar Yokohama ya yi jifa 250 a wasa guda mai turmi 17, kashegari ya sake hawa tudu, wanshekare kuma ya buga wasan ƙarshe ya ci kofi. A gasar bazara ta 2013 Tomohiro Anraku, yana ɗan shekara 16, ya yi jifa 772 cikin kwana tara. A 2018 Kosei Yoshida ya yi 881 a wasa shida.

A watan Yuli na 2019 sai wani koci, Yohei Kokubo na makarantar Ofunato, ya ƙi sa gwaninsa Roki Sasaki a wasan ƙarshe na lardin Iwate, wanda duk wanda ya ci shi zai tafi Koshien, don gudun kada yaron ya ji rauni. Aka lallasa su da ci 12 da 2, jama'a da yawa suka yi masa ca. Sasaki kuwa a watan Afrilu na 2022 ya yi wasan da ba mabugin da ya kai tasha a babbar gasar ƙwararru ta Japan, a 2025 kuma ya koma Los Angeles Dodgers. A ƙarshen 2019 hukumar besbol ta makarantun sakandaren Japan ta sa iyakar jifa 500 cikin mako guda, daga 2020. Wannan ci gaba ne, sai dai ɗan shekara 16 a Little League da ƙyar zai kai rabin wannan adadi a mako, kome dabarar kocinsa.

Inda Dokar ta Gaza

Babban giɓin dokar shi ne, littafin ƙidaya na ƙungiya ne, hannu kuwa na yaro ne. A Amurka yara da yawa suna wasa a ƙungiya biyu ko uku a lokaci guda: ta unguwa, ta makaranta, da kuma ƙungiyoyin kuɗi masu yawon gasa gari-gari. Yaro yana iya yin jifa 80 ran Juma'a a wannan, ya yi 70 ran Lahadi a waccan, kowace ƙungiya kuwa littafinta fes yake. A jihohi masu ɗumi kamar Florida da Texas da California ana iya wasa shekara zagaye, alhali ƙidayar yini da ta mako ba ta ce kome ba game da jimillar shekara.

Don toshe wannan giɓi, a 2014 hukumar babbar gasar ƙwararru ta Amurka da hukumar besbol ta ƙasa suka fitar da jagora mai suna Pitch Smart. Ban da adadin yini da na hutu, ya shawarci cewa kada ɗan shekara 9 zuwa 12 ya wuce turmi 80 a shekara, kada ɗan shekara 13 zuwa 18 ya wuce 100, kowane yaro kuma ya yi aƙalla wata huɗu a shekara ba ya jifan gasa. A 2016 tarayyar hukumomin wasannin makarantun sakandare ta Amurka ta wajabta wa kowace jihar da ke bin dokokinta ta kafa dokar ƙidayar jifa daga 2017, amma ta bar wa kowacce zaɓin adadinta. Pitch Smart kuwa shawara ce, sai ƙungiyar da ta ga dama take ɗaukarta.

Har wa yau, ƙidaya ba ta ganin gajiya. Wani yaron jifa 40 ya ishe shi ya fara saukar da gwiwar hannu yana kuskuren saiti, alhali doka ta ba shi 85. Kocin da ya ɗauki iyaka a matsayin adadin da dole a cika ya juya dokar a baibai. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to amma yaro ɗan shekara 11 wanda ke son ya burge mahaifinsa da abokansa ba lalle ne ya faɗi inda ke masa ciwo ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa an kafa dokar ƙidayar jifa ne domin duk waɗanda ke kewaye da majefi a ranar wasa suna da abin da ke jan su: koci yana son kofi, iyaye suna son a yaba ɗansu, yaron kansa ba ya son a sauke shi. An nemi alƙalin da ba ya kwaɗayin nasara, sai aka sami lamba. Ta fi lissafin turmi adalci, domin tana auna ainihin aikin da hannu ya yi. Amma amfaninta ya dogara ga abu uku: a rubuta ta da gaskiya, a gina ta kan shekarun gaskiya, ta kuma bi yaro duk inda ya je wasa. Na farko da na biyu ƙungiya tana iya tilasta su da dokokinta. Na uku kuwa babu mai iya yin sa sai iyaye, domin su kaɗai ne suka san inda ɗansu ya yi jifa jiya da inda zai yi gobe. Uban da ya ajiye ɗan littafi yana rubuta rana da adadin jifan ɗansa a kowace ƙungiya, ya kuma nuna wa kowane koci kafin a fara wasa, ya yi wa hannun yaron rigakafin da ya fi kowace tiyata.